Tsiron Dawar Yemima

McLeansville, 14 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Yayata Liyatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da jikoki, da dukan mutanen Zonkwa. Yaya kunnen? Tunda waya ta zame mana wahala, ina ta ɗaga murya kina ta cewa "me kika ce?", na koma ga takarda da biro kamar zamanin da. Zan ɗauki hotonta in turo miki, ki sa tabarau ki karanta a hankali.

Jiya na gama shuka jar dawata a bayan gida. Amma bana ban yi shukar da daɗin rai ba, Yaya, kuma dalilin ne ya sa na zauna rubutu.

Kin san shekara shida ke nan ɗana Eli da Fredrick, mijin 'yata Ƙauna, suka buɗe ƙaramin gidan giya a wani tsohon gareji a Greensboro, nan kusa da mu a Amurka. A garin nan irin waɗannan gidaje sun yi yawa, kowa na dafa tasa yana neman abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa. Su abin da ya bambanta su shi ne tsirona. Ni ke jiƙa dawar, in shimfiɗa ta ta tsira, in shanya, daidai yadda kika koya mini lokacin da kike burukutu. Su kuma su dafa a tankunansu, ta fito ja, da ɗan tsamin nan na gida, sai dai da sanyi. Ranar Asabar har layi Turawa suke yi.

To bayan Kirsimeti suka rabu. Fredrick yana so su faɗaɗa, su riƙa zubawa a gwangwani ana kaiwa kantuna, ya kuma samo mutum biyu da za su zuba jari. Eli ya ce shi ba zai yarda wanda bai taɓa wanke tanki ba ya riƙa gaya masa abin da zai dafa. Fredrick ya fita ya buɗe nasa babba a tsakiyar gari, minti goma a mota daga na Eli.

Da Ista duk suka zo cin abinci. Gishiri yana gaban Fredrick, sai Eli ya tsallake shi ya ce, "Ƙauna, miƙo mini gishiri." Yaran da tun suna sakandare suke kwana a ɗaki ɗaya a gidan nan!

Makon jiya Fredrick ya zo da takarda. Zai sayi tsirona gaba ɗaya har shekara biyar, da farashi mai kyau, amma kada in sayar wa kowa sai shi. Na ce, "Har Eli?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ba ni na sa sharaɗin ba." Eli kuwa da ya ji, cewa ya yi, "Mama, ranar da kika sa hannu, ranar kika rufe mini shago."

Takardar tana nan a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Ke da kika yi shekara talatin a wannan sana'a, me zan yi?

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Yemima


Zonkwa, 2 ga Yuni, 2023

Yemima,

Na gaishe ki, na gaishe da 'ya'yanki masu faɗa. Mu lafiya lau, ruwa ya zauna, kunne kuwa yana nan yadda yake, abin da nake so in ji nakan ji.

Na karanta takardarki sau biyu, na yi dariya na kuma ji haushi. Wato mun yi shekaru hayaƙi yana cin idonmu, mutanen coci suna kallonmu a karkace, yanzu kuma abin namu ne Turawa ke yi wa layi? Da Mama ta ga wannan rana!

Kada ki sa hannu. Dawa taki ce, hannu naki ne, ba a ɗaure uwa da takarda.

Ke kina ƙarama, wataƙila kin manta yadda muke yi a unguwarmu. Mu biyar ne masu dafawa, kowa da ranarta. Litinin gidan matar Bulus, Talata ni, Alhamis Scholastica, haka har mako ya zagayo. Ranar da take taki, duk mashaya gidanki za su zo, sauran mu mu rufe tukwanenmu, wata ma ta zo ta taya ki tacewa. Ba wadda ta yi arziki, amma ba wadda ta kwana da yunwa.

Ki kira su biyun ki zaunar da su a ƙasa, ba a kan kujera ba. Ki raba tsiron gida biyu, ki raba musu kwanaki. Wannan ya sayar da ta dawa wasu ranaku, wancan wasu ranaku. Wanda ya ƙi, ki ce ni na ce. Eli ni na goya shi wata takwas lokacin da kika koma asibitin Kafanchan aiki, bai isa ya musa mini ba. Fredrick kuma ya tuna wadda ta karɓi mutanensu da suka zo neman Ƙauna.

Ita Ƙaunar me ta ce? Ba ki ambaci bakinta ba ko sau ɗaya.

Allah ya riƙe ku.

Yayarki,
Liyatu


McLeansville, 9 ga Yuli, 2023

Yayata Liyatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Dawa ta kai mini ƙugu, ganye shar. Zafi kuwa sai ka ce Zonkwa a watan Maris.

Na bi maganarki. Bayan coci na zaunar da su a kan tabarmar falo, na faɗi yadda kuke yi, na ce ke kika ce. Sun saurara da ladabi, ban yi musu ƙarya ba. Sai Fredrick ya ce, "Mama, kanti ba ya da ranar Talata. In gwangwanina ya ɓace daga kan kanta mako ɗaya, wani ya sa nasa a wurin, ba zan sake samu ba." Eli ya ce da Turanci, shi ba gwangwani yake sayarwa ba, giya yake dafawa. Fredrick ya ce to giyar ta biya ma'aikata mana. Daga nan na tashi na shiga kicin, na bar su da tabarmar.

Tun ranar abin sai ƙaruwa yake. Ranar da Fredrick ya yi bikin fitar da gwangwaninsa na farko, Eli ya rage farashi rabi a nasa shagon, ya ɗauko masu kiɗa. Fredrick kuma ya je ya janye Daouda. Daouda mutumin Maraɗi ne, shekara huɗu yana gasa tsire a motarsa a ƙofar garejin Eli, mutane da yawa don tsiren suke zuwa. Fredrick ya ba shi wuri mai rumfa da wutar lantarki. Na haɗu da shi a kasuwar manoma na ce, "Malam Daouda, kai ma?" Ya ce, "Anti, ni ba na sha, ban san wadda ta fi daɗi ba. Ni dai inda mota ta fi tsayawa nan nake tsayawa." Ya ƙunsa mini kilishi ya hana ni biya. Na kasa jin haushinsa.

Kin tambayi Ƙauna. Ita ke kula da ofishin mijinta. Takan zo ranar Laraba da yamma, ta zauna a rumfar da nake shanya tsiro, ba ta cewa komai a kan su biyun. Sai tambaya: awa nawa ake jiƙawa, yaya ake gane tsiro ya isa, me ya sa nake rufewa da buhu. Na ce mata hanci ne ke gaya wa mutum. Ta ce in bar ta ta shinshina. Ta rame, Yaya. In ta ci abinci gidan wanta, mijinta ya yi shiru kwana biyu. In ba ta je ba, wanta ya ce an saye ta.

Takardar tana nan inda take. Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu da ni.

Taki,
Yemima


Greensboro, 6 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Mama Liyatu,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Mama tana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ni ne Fredrick, mijin Ƙauna. A wurinta na karɓi lambar Mama. A gafarce ni in Hausata ta rubutu ta yi rauni, na daɗe ban rubuta ta ba.

Na san labarina ya riga ni isowa, kuma ba zan ce ƙarya aka yi mini ba. Ina neman riba. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a wurina, kuma waɗanda suka zuba jari ba don son dawa suka zuba ba. A garin nan cikin shekara biyu na ga gidajen giya uku sun rufe, dukansu masu giya mai kyau. Kamfanin da ke rarraba kayana a kantuna ya ce in wani yana sayar da irin tawa a gari ɗaya, ba su ga dalilin ɗaukar tawa ba. Daga nan sharaɗin ya fito. Abin da na yi wa Eli game da Malam Daouda kuwa, ba kamfani ne ya sa ni ba, fushi ne, kuma ina jin kunyarsa.

Amma akwai abin da na tabbata Mama Yemima ba ta rubuto miki ba. A watan Maris ta faɗi a rumfar tsiro da buhu a hannu. Ta fi awa biyu a ƙasa ta kasa tashi, wayarta tana cikin gida. Allah ne ya sa na biyo ɗaukar kaya na same ta. Likita ya ce gwiwar dama ta cinye, sai an yi aiki an sa ta ƙarfe, kuma ya hana ta durƙuso da ɗaukar nauyi. Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya wa Eli da Ƙauna ba. Na riƙe alkawarin wata biyar. Ba ta ambaci sunan Mama a ciki ba, shi ya sa na rubuto.

Tsiro aikin durƙuso ne, Mama ta fi ni sani. In Mama Yemima ta sa hannu, zan kawo inji da ma'aikata biyu, ita ta zauna a kujera tana duba su. Abin da nake nufi ke nan tun farko, amma ba ni da damar faɗa wa Eli dalili, shi kuma yana ganin so nake in kashe shi. Da girbi ya zo za ta koma durƙuso, ni kuma ba kullum nake biyowa ba.

Ina roƙon Mama ta yi mata magana. Maganarki kaɗai take ji.

A huta lafiya.

Ɗanki,
Fredrick


Zonkwa, 11 ga Agusta, 2023

Yemima,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

"Ni lafiyata ƙalau." Da hannunki kika rubuta. Awa biyu a ƙasa kamar buhun dusa, ke da kika yi shekara ashirin kina ɗaga marasa lafiya a asibiti! Kada ki nemi wanda ya gaya mini, kin san shi, kuma in kika yi masa faɗa ni kika yi wa. Na zauna a bakin ƙofa da wayar a hannu na yi kuka, har maƙwabciyata ta zo tana tambaya wa ya rasu. Mu biyu muka rage, Yemima. In kin faɗi a can, ni ta ina zan zo in ɗaga ki?

Yaron nan na karanta shi da kyau. Yana son ribar, yana kuma son ki, duka biyun gaskiya ne. Amma har yanzu ban ce ki sa hannu ba. Wanda zai kawo inji don gwiwarki, ya kawo ba tare da ya rufe shagon ɗanki ba.

Tunda yau ranar tone-tone ce, ni ma ga nawa. Labarin kwanakin nan da na ba ki, na yanke masa ƙarshe. Ni na rushe tsarin. Shekarar da Baba ya rasu, ke kuma kin ci jarrabawar makarantar jinya, na duba na ga Alhamis ranar kasuwa ce, ta fi Talata nesa ba kusa ba. Na dafa ranar Alhamis, na ƙara girman ƙwarya, na kwashe wa Scholastica mutanenta kaf. Ta zo ta tsaya a ƙofata da zani a ɗamare, ba ta zage ni ba, ta ce, "Liyatu, ke?" Kafin shekara kowa na dafawa ranar da ta ga dama, ita kuma ta koma Kaduna wurin ɗanta. A can ta rasu, ban je ba don kunya. Da wannan ribar kika yi karatu, kuma ba zan ce miki ban ji daɗinta ba. Amma ita ce ta koya mini tace giya, ita ta riƙe ni ranar haihuwata ta fari.

Don haka ba ni da bakin zagin Fredrick, ba ni da na zagin Eli. Abin da nake da shi ɗaya ne. Ki gaya wa 'ya'yanki gaskiya a makon nan, in ba haka ba in rubuta musu da kaina. Ki kuma je a yi aikin.

Allah ya ba ki lafiya, mai taurin kai.

Liyatu


McLeansville, 17 ga Satumba, 2023

Yayata,

Gaisuwa, da neman gafara. Na yi wata guda ban amsa ba saboda na rasa ta inda zan fara. Ban san da maganar Anti Scholastica ba. Na tuna ta sarai, ita ta yi mini kitson da na tafi makaranta da shi. Na sa an yi mata addu'a a cocinmu, ke ma na sa sunanki.

Na gaya musu. Eli ya tashi tsaye ya dubi Fredrick ya ce, "Ka sani tun Maris?" Na ce ni na ɗaure masa baki, ni za ka tuhuma. Ya fita waje ya daɗe tsaye a cikin dawa. Da ya dawo idonsa ja, ya durƙusa ya taɓa gwiwar kamar zai ji ciwon da hannu. Ga Fredrick kuwa abin da ya ce kawai, "Na gode da ka ɗaga ta." Fredrick ya zaro biro ya ce to yanzu ai kowa ya ga dalili. Eli ya ce shi ma zai iya ɗaukar ma'aikaci, ba sai an sayar da shi ba. Suka fara kuma.

Sai Ƙauna ta ce, da Hausa tiryan-tiryan, ita da kullum da Turanci take amsa mini, "Ku yi shiru ku biyun." Ta ce ita ma ta sani tun watan Yuni, ta ga yadda nake jan ƙafa, ta ga magungunan a kicin. Ashe duk zaman da take yi a rumfa koyo take yi. Ta riga ta jiƙa ragowar dawar bara sau uku a garejin gidanta, biyu suka ruɓe, na ukun ta kawo a leda. Ta buɗe ta miƙo mini. Yaya, na shinshina, na tauna. Ya yi.

Ta ce daga girbin bana ita ce mai tsiro. Za ta bar ofishin mijinta ƙarshen wata. Ba za ta sa hannu a takardar kowa ba, farashi ɗaya ne ga miji da wa, wanda ya riga yin oda shi za a fara ba. Kuma wani Bature mai ƙaramin gidan giya a Pleasant Garden ya riga su duka, shi ne na farko a layi.

Fredrick ya ce, "Kamfanin rarrabawa fa?" Ta ce, "Ka gaya musu matarka ta ƙi. In giyarka ta fi ta kowa daɗi za su ɗauka." Eli ya fara dariya, sai ta juya ta ce masa, "Kai kuma babu sauran tsiron kyauta don kai ɗan Mama ne." Dariyar ta tsaya.

Ban san ko in yi murna ba. Kamfanin ya janye kayan Fredrick daga rabin kantunan, ɗaya daga cikin masu jarin yana ta yi masa barazana, ya kuma sallami mutum biyu. Kwana huɗu bai ci abincin Ƙauna ba. Rana ta biyar ya sayo mata ma'aunin zafin tsiro mai kyau ya ajiye mata a kan tebur.

An sa ranar aikin gwiwa, goma ga Oktoba. Ki yi mini addu'a, ina jin tsoro. Ke kaɗai na gaya wa wannan.

Ƙanwarki,
Yemima


McLeansville, 29 ga Oktoba, 2023

Yaya Liyatu,

Gaisuwa daga kan gado. An yi aiki lafiya, ina takawa da sanda zuwa taga in dawo. An girbe dawa ba ni, ta kuma yi kyau.

Kin tambaya ko sun shirya. Ban sani ba. Shagunan suna nan biyu, kowa na cewa tasa ta fi, kuma mako mai zuwa akwai gasar giya ta jiha, dukansu sun shiga.

Amma jiya da hantsi Ƙauna ta kira su su taya ta juya tsiro. Daga ɗakina nake jiyo su a rumfa. Eli yana cewa ya yi zafi a buɗe buhunan, Fredrick yana cewa in aka buɗe yanzu zai bushe, wannan ya ce kai me ka sani, wancan ya ce shekara shida wa ke gyara maka kuskure. Ihu sosai, Yaya, suna kiran sunan juna, kusan awa guda. Na ɗauki sanda zan je in raba su, sai na mayar da ita na koma na kwanta. Wata goma ban ji muryoyinsu a haɗe haka ba.

Eli ne ke da gaskiya, tsiron ya yi zafi, tun daga nan na ji ƙamshin. Ban gaya wa kowa ba.

Ki kula da kanki. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yemima